Abin da Ke Cin Rana

Alƙasum mutumin Takanamat ne, kuma a bakin rijiya ya tsufa. Yana yaro gaba goma ake samun ruwa. Damina ta yi ta ƙwauro, ruwa ya yi ta gudu ƙasa, har raƙumin da ke jan guga ya gaza. Aka kawo injin gazuwal, wato man dizal, aka ba Alƙasum tsaronsa. Shekarar da darajar kuɗin sefa ta karye, gazuwal ya gagari gari, injin ya yi shiru.

Sai wata ƙungiya ta aiko ma'aikaci daga Tawa, sunansa Istifanus. Ya jera baƙaƙen gilasai a kan ƙarafa, suna fuskantar sama. Babu hayaƙi, babu ƙara, sai ga ruwa yana bulbulowa daga famfo.

Shirun nan ne ya dami Alƙasum. A saninsa, duk abin da ke jan ruwa yana nishi.

"Yaro, wanga abu mi shika ci?"

"Rana kawai, Baba. Kai dai ka riƙa share mishi ƙura kullum da safe, don shi ci da kyau."

"Ranar wa?"

Istifanus ya yi dariya, ya hau babur ya tafi.

Alƙasum ya san kowa da ranakun da aka ɗibar masa. Ya kuma san wanda ke ciyar da dabba, a jikinsa take ci. Kullum in ya sunkuya da tsumma, sai ya ga fuskarsa a cikin baƙin gilashin, kamar mai leƙe daga ƙasan rijiya, kuma ta fi ta jiya tsufa.

Matarsa Kadidiya ta ce, "Malam, shekara sittin ba ka duba madubi ba, yau ka gani ka ce aljani na. Tsuhwa dai ta."

Bai yarda ba. Ya ɓoye tsumman. Kwana shida ƙurar kofaton shanu tana kwanciya a kan gilasan, shi kuwa ya ji ciwon gwiwoyinsa ya sake shi, har ya taka kasuwa da ƙafa. Amma ruwan ya sirance ya koma kamar zare. Ran na bakwai ya tarar da mata sun jera tuluna tun hantsi. Wata Hawa, mai goyo, ta tsoma yatsa a ɗigon tana sa wa jaririnta a baki.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya koma gida ya ɗauko tsumman.

"Ci," ya ce wa gilashin a hankali. "Amma nawa kaɗai."

Damina uku ya yi yana sharewa, yana ramewa, ruwa na ƙaruwa. Ranar da aka kai shi makwanci hadari ya rufe sama tun safe, ko ƙyallin rana babu. Waɗanda suka dawo daga maƙabarta sun ce sun tarar famfon yana zuba, kwatamin shanu har ya yi ambaliya.

Da Kadidiya ta fita takaba, ta je ta ɗauki tsumman inda ya rataye shi. Ta share gilasan tas, idonta a rufe.