Ƙashin Basamude

Har gobe idan aka jiƙa dutse za a wasa wuƙa, warin nan na ƙasa-ƙasa ya bugi hancina, sai zuciyata ta tashi. Kada ka yi dariya, mai karatu. Da kai aka ɗura wa abin da aka ɗura mini, da ka fi ni raki.

A gidanmu na Tsohon Birnin Gwari, kakata tana da wani dutse a ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsumma. Girmansa ya kai ƙoƙon fura, launin hanta, sak gaɓar ƙashin bayan sa, sai dai ba a haifi san da zai ɗauki wannan ba. Kakana ne ya zo da shi daga Azbin zamanin da yake fatauci, kuma shi kaɗai ya rage mata na hannunsa. Ƙashin Basamude ake ce masa.

Da damina ta kankama, zazzaɓi ya fara kayar da yara, sai ta fito da shi. Ta goga shi a kan dutsen niƙa da ɗan ruwa har ya yi kauri kamar kunun kanwa, ta matse mini hanci ta ɗura. Wai ƙafafuna tsinken tsire ne, shi zai ƙarfafa su. Ba shi da ɗaci ko kaɗan. Abin da ke tayar mini da amai shi ne gawar wani ƙato da Allah ya halaka nake sha, tana ƙas-ƙas a haƙorana.

"Iya, mutum ne fa!"

"Ai shi ya sa. Haɗiye, ɗan nema."

Wata ranar kasuwa ta tafi sayar da daddawa. Na ɗauko shi na nufi bayan gida. Bakin masai ya karɓe shi kamar an auna. Na ji faɗuwarsa tim, ƙudaje suka taso mini a fuska, kuma ba zan ɓoye maka ba, daɗi na ji.

Kakata ba ta daki kowa ba. Ta ɗaga gado, ta leƙa randuna, sannan ta zauna da tsumman a cinya. "Allah ya sa ya amfani ɗan wani," iyakar abin da ta ce ke nan. Ina tsaye a gabanta, na bar ta da zaton sace shi aka yi.

Sai da na je jami'a malaminmu ya ajiye irinsa a kan tebur. Ya ce duwatsun wajenmu zafi ya dafa su, zinariya za ka samu a ciki, ba ƙashi ba. Amma can Azbin tsofaffin koguna ne suka yi ta shimfiɗa yashi da laka, wannan kan wannan kamar tabarmi, har suka daskare. A ciki suka binne waɗansu dabbobi masu siffar ƙadangare da suka fi giwa, dainaso, tun kafin ɗan Adam ya taka ƙasa. Abin da ƙasa ta killace miliyoyin shekaru, ni na jefa ƙashi cikin kashi.

Yau masan ya cika, an rufe, gwanda ta fito a kai. Dajinmu duk ramukan masu haƙar zinariya ne, hanyar gida ma sai da addu'a. Kakata ta rasu tana sa wa ɓarawonta albarka. Idan warin nan ya buge ni zuciyata ta tashi, na daɗe da sanin ba dutsen nake ƙyama ba.