Kurakuran da Doña Mela Ta Ɗauka a Kanta

Da sha biyun rana, in an kashe kekunan ɗinki a masana'antarmu da ke garin Choloma, kowa wurin mai sayar da baleada, wato gurasa mai wake, yake nufa. Ban da Doña Hermelinda Cálix, da muke kira Doña Mela, mai koya wa sababbin ma'aikata aiki. Ita sai ta zauna a kan kwalin zare, tabarau a karan hanci, ta hau latsa waya. Shekara tara tana haka.

Gaskiya mun tsani wayar nan. Wai shafi gare ta a intanet, tana rubuta abin da aiki ya koya mata a ranar, har tana so kowa ya buɗe nasa. Wa zai yarda? A ganinmu rahotonmu take kai wa ofis. Yolany, maƙwabciyar kekena, takan zungure ni: "Ke Nery, ja bakinki, an kunna rediyon ofis."

Ranar da na sa allurar da ba ta dace ba, na huda riguna ɗari biyu, Doña Mela na tsaye a bayana. Ta duba, ta wuce. Da rana na hango ta tana latsa waya. Watana uku da fara aiki, rahoto ɗaya ya isa a sallame ni, ga 'ya'ya biyu a gida.

Na tare ta. "Doña, sunana kika sa?"

"Je ki karanta mana, 'yar nan. Ko idon ne ke ciwo?"

Na buɗe shafin: "Yau na sa allura mai kauri a yadi mai laushi, na yi ɓarna. Ga yadda ake ganewa tun daga rigar farko." Na yi ta ja baya zuwa tsofaffin rubuce-rubucenta. Hannun rigar da Yolany ta juya bara ma yana nan. Duk "na yi", "na manta". Babu sunan kowa.

Yolany ta taɓe baki: "Akwai dai wani shafin na ɓoye." Muka sa ido shekara guda, ba mu ga komai ba.

Ashe ofis ma na karantawa. Sau biyu aka tsallake ta a muƙamin shugabar sashe, wai mai kuskure haka ba ta iya riƙe layin ɗinki.

Doña Mela, ke ce rufin asirin masu koyo. Juma'ar nan za ki ajiye aiki, kunyarki kuwa ta ishe ni. Mun gode, ki yafe mana. Ku da kuka ƙware, ku rubuta wa na baya yadda ta yi.

Jiya na buɗe nawa shafin. Layin farko: "Allurar nan, ni Nery ce na sa ta."