Shekara Shida Bayan Yaya Altine, Mun Kashe Kifin Tafkinsa

Ranar Talatar nan Yaya Altine ya cika shekara shida da rasuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Na daɗe da niyyar rubuta wani abu a kansa, kuma na zaci abin daɗi zan rubuta. Sai ga shi saura mako biyu ranar ta zagayo, na tsaya a bakin tafkin ƙauyenmu na ga abin da har yau ya hana ni cin kifi.

Ƙauyenmu yana cikin fadama, tsakanin Ambursa da Argungu. Idan gulbi ya cika da damina yakan zubo ruwa da kifi cikin wani tafki a gabashin gari, idan ya janye ya bar mana su. Yaya Altine wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya tara mu muka kafa ƙungiyar kula da tafkin. Ba mai sa mu, ba mai biyan mu. Mukan hana su, wato kamun kifi, daga kaka har zuwa bazara don kifi ya girma, mukan gyara mashigin ruwa kafin damina. Amma aikin da ya fi ci mana rai shi ne kainuwa, ciyawar nan mai yawo a kan ruwa.

Ga yadda yake sa mu yi. Kowace Asabar jirage biyu za su ja doguwar igiya su zagaye kainuwar, mu da ke baki mu jawo ta. Wannan ba komai ba ne. Wahalar ita ce bai yarda a bar ta a gaɓa ba. Sai an zuba a kwando an hau da ita tudu, taki arba'in daga ruwa, shi kuma yana biye yana ƙirgawa da ƙarfi. Idan ka sauke a talatin da biyar sai ya ce, "Ɗauka, angon kainuwa, ba ka kai amarya ɗaki ba." Mu yi dariya, wuya na ciwo. Na taɓa tambayar sa dalili. Ya ce, "Ciyawa in ta mutu cikin ruwa, numfashin kifi take ci." Na ɗauka irin barkwancinsa ne.

A shekararsa ta ƙarshe na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar. Shi bai yi boko ba, amma ya fi ni murna. Sau uku yana ce mini, "Ɗan'inna, kawo littafin nan naka in gaya maka aikin tafki ka aje." Ni kuma ina jin nauyin rubutuna, sai in ce ya bari hannuna ya miƙe. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi, littafin ba layi ko ɗaya.

Bayansa aikin igiya ya riƙa raguwa. Ba wanda ya ce a daina. Wannan yana ban-ruwan shinkafa, wancan ya tafi acaɓa Birnin Kebbi, har Asabar ta zama kamar sauran ranaku. Bana kainuwa ta rufe tafkin har ba a ganin ruwa, ga ranar buɗe su ta matso. A taro, shugabanmu na yanzu, Malam Haruna, mutumin kirki ne kuma manomi na gaske, ya ce me zai hana mu fesa mata maganin ciyawa irin na gonar shinkafa, aikin yini ɗaya. Kowa ya ce madalla. Ba zan ɓoye ba, ni ma na ce madalla, kuma a bayana na goya famfon feshi.

Mutum ɗaya ce ta tsaya mana: Yaya Kulu, matar marigayin. Akwai wata kusurwa a arewa inda take tsinkar bado, can muka same ta da ƙwarya.

"Mi kunka zo yi da wanga abu?"

Malam Haruna ya ce, "Gyara za mu yi miki, Kulu. Kwana uku ki ga ruwa fes."

"Ku gyara can. Nan wurin, wanda ya fesa sai dai ya fesa da ni." Ta dube ni ta ce, "Har da kai, ƙanen miji? Ashe karatun naka famfo ya koya maka."

Aka yi dariya, muka bar mata kusurwarta.

Kwana uku kainuwa ta yi ja, ta kwanta, ta nutse. Ruwa ya fito, muna ta yaba kanmu. A kwana na biyar, da hantsi, ina gonar albasa na ji wari. Na bi warin har bakin tafki. Ruwan ya yi baƙi. Samansa kuwa fari fat, cikin kifi ne a sama tun daga gabana har gaɓar can. Karfasa manya irin waɗanda muka yi wata biyar muna hana kanmu, kawara ba adadi. Waɗanda ba su mutu ba sun taru a gefe, baki a sama, suna buɗewa suna rufewa. Shirwa ta cika sama. Maza sun jeru a gaɓa, wani dattijo na ta maimaita innalillahi.

Wasu suka ce guba ce a maganin. Ni ban sani ba, ba malamin gona ba ne ni. Amma na ga ranar feshi kifi bai mutu ba, washegari ma haka, sai da ciyawar ta ruɓe a ƙasa. Ina kallon bakunan nan suna neman iska sai maganar Yaya ta dawo mini kalma bayan kalma. Ashe taki arba'in ɗin nan ba mugunta ba ce. Ya gaya mini dalili da bakinsa, ni kaɗai, ni kuma na yi dariya na wuce.

Tun ranar nake tambayar kaina me zai ce da ya ga wannan. Ba mai faɗa ba ne. Ina jin zai tuɓe riga ne kawai ya tambayi inda aka aje igiya. Abin da ba zan iya haɗa ido da shi a kai ba shi ne goyon famfon nan.

Kuma abin bai tsaya ga kifin bana ba. Akwai masu injin ban-ruwa da suka daɗe suna son a zuƙe tafkin a raba shi gonaki. Yaya ne ke taka musu burki, hujjarsa kuwa kifi. Mai gari ya kira mu ya ce idan tafki ya mutu ba shi da abin da zai ƙara ce musu. Ya ba mu zuwa saukar ruwan sama mu nuna masa akwai rai a ciki.

A wannan zama na miƙe, ni da ban saba magana a taro ba, na faɗi abin da Yaya ya gaya mini, na faɗi yadda na ƙi kawo littafi. Malam Haruna ya sunkuyar da kai ya ce laifin nasa ne. Na ce famfo shida ne suka shiga tafkin, ba ɗaya ba.

Asabar da ta wuce muka ciro igiyar daga rumbun Yaya Kulu, ɓera ya ci ta wuri biyu, muka ƙulla. Muka kwashe mushen kifi muka binne, muka shiga jan ruɓaɓɓiyar ciyawa daga ƙasa, wari na sa mutum amai. Da rana ta take Yaya Kulu ta kira ni kusurwarta, ta ɗaga ganyen bado da hannu. A ƙarƙashi ga 'ya'yan karfasa kamar yatsa, garke guda, suna wasa. Ta ce, "Je ka kira mai gari ya gani da idonai." Ya zo ya gani. Bai yanke hukunci ba tukuna, amma ya daɗe a tsugune.

Yaya Altine bai bar gida na siminti ba, ba shi da hoto ko ɗaya. Abin da ya bari igiya ce, da mace ɗaya da ta ji maganarsa fiye da mu, da tulin tsohuwar kainuwa a tudu wadda ta zama taki. Ban san ko za mu tsira da tafkin ba. Amma na buɗe littafin nan, rubutun kuma har yanzu bai miƙe sosai ba, na sa layin farko: kada a bar ciyawa ta mutu cikin ruwa. Yanzu idan an ɗauki kwando ni ke bi ina ƙirgawa. Jiya Malam Haruna ya sauke nasa a talatin da bakwai. Na ce ya ɗauka.