Jimlar da Malam Sadisu Bai Ƙarasa Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Yuli, Allah Ya yi wa Malam Sadisu rasuwa a hanyarsa ta dawowa Legas daga Funtuwa, inda ya je duba mahaifiyarsa. Shi ne mai koyar da mu Turanci bayan la'asar a zauren Islamiyyar layinmu a Agege, mu 'yan dakon nama na mayankar Oko-Oba da muke shirin jarrabawar kammala sakandare da girmanmu.

Malam, ka karɓe mu da ƙarnin jini a jikinmu, ba ka taɓa toshe hanci ba. Turancin bakin kasuwa muka zo da shi, kai ka nuna mana cewa jimla ma iri-iri ce: ta labari, ta tambaya, ta umarni, ta mamaki. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yankin jimla mai jingina, wanda ba ya tsayuwa sai da babbar jimla. Na tuna ranar da na rubuta "Because the cow is heavy" na ɗiga aya, ina jin kaina. Ka leƙo ka ce, "To, sai aka yi me, Khamisu? Cinya ka ɗauko, ina sauran saniyar?" Aji ya bushe da dariya. Na ji haushi ranar, amma ban ƙara yin kuskuren ba.

Ranar da za ka tafi ka rubuta a allo: "When I come back," ka sa waƙafi, ka ce kowa ya ƙarasa kafin ka dawo.

Rubutun yana nan. Jarrabawa ta matso, ba mu da wani malami, kuma wallahi ina tsoro. Jiya liman ya ce yaran Islamiyya za su dawo daga hutu ranar Asabar, dole a goge allon. Ya miƙo mini tsumma, na kasa. Na tsaya ina ta neman abin da zan ƙarasa jimlar da shi, ban samu ba. Gaskiyarka Malam, ba ta tsayuwa ita kaɗai.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Ya ba mahaifiyarka da matarka Ummu Salma da 'ya'yanka haƙurin rashinka. Amin.