Minti Sittin na Gwaggo Tafireta

A layinmu ba wanda bai san ƙarar yatsun Gwaggo Tafireta ba. Shekara talatin ta yi tana buga wasiƙu a ofis, da ta yi ritaya sai 'yarta ta ajiye mata kwamfuta da firinta a ɗakin ƙofar gida, ta ci gaba da buga wa mutane takardu. Ɗan linzamin nan da kowa ke ja a kan tebur kuwa, ɓera take kiransa, ta ce ba ta tsufa don ta riƙa kiwon ɓera ba. Komai da umarni take yi. Ta danna maɓalli biyu, ɗan akwati ya buɗe a ƙasan allo, ta buga kalma ɗaya, sai ka ga wurin rubutu ko na lissafi ya fito a guje kamar an kira ɗan aike.

Umarnin duk 'yar ce ta rubuta mata a wata takarda da ke maƙale a ƙusa. Akwai na kashe kwamfuta da kanta bayan awa guda, don likita ya ce ta riƙa hutar da ido. Aibin Gwaggo ɗaya ne: ba ta adana aiki a cikin kwamfutar sai ta gama. A tafireta, in ji ta, abin da ka buga ya bugu.

Ran nan da hantsi malamin lissafi na makarantar bayan layi ya zo yana haki. Ƙarfe goma sha biyu yara za su zauna jarabawa, tambayoyin kuwa a kansa suke, ko takarda bai riƙo ba. Yana faɗa tana bugawa, har shafi uku. Da ido ya fara yi mata yaji ta tuna ba ta sa umarnin hutu ba. Ta ɗaga kai, ƙusa ba takarda.

"Baban yara! Ina takardata?"

Mijinta, tsohon direba, ya leƙo da guduma a hannu. "Wannan tsohuwar? Ai na ƙulle ƙusoshi da ita na kai wa kafinta."

Gwaggo ta ja tsaki. Kalmar umarnin tana kanta, lambar lokacin ce ta ɓace mata. To, awa guda ai minti sittin ne, wannan ko jariri ya sani. Ta buga sittin, ta danna.

Sai ga rubutu a tsakiyar allo. Malam ya sunkuya ya karanta, ya dafe kai.

"Innalillahi! Gwaggo, ta ce saura minti ɗaya ta mutu!"

"Wace ce za ta mutu?"

"Kwamfutar! Da sakan take ƙirge, ba da minti ba!"

Gwaggo, da ko gobarar ofis ba ta tashe ta daga kujera ba, ta miƙe zumbur. Umarnin sokewa yana bayan takardar, takardar tana wurin kafinta. Direba ya yar da guduma ya arce da takalmi wari guda, kamar a minti ɗaya zai je ya dawo. Malam yana ihu a adana, ita tana ihu a soke, hannuwa huɗu suka haɗu a kan maɓallai, ba wanda ya danna abin kirki. Allo ya yi baƙi ƙirin.

Malam ya zame ya zauna a ƙasa.

"Shi ke nan. Shugaban makaranta zai cinye ni ɗanye."

"Tashi, ɗana, kada ka ɓata wando."

Ta kunna, ta buga umarni, farin shafi ya fito. Ta rufe ido, yatsu suka kama aiki. Malam ya buɗe baki yana kallon tambayoyinsa suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, har da waƙafin da ya sa ta gyara. A ta goma ta tsaya.

"Me ka ce a nan?"

Ya sosa ƙeya. Wallahi shi ma ta gudu masa, ga shi saura minti ashirin.

Gwaggo ta harare shi, ta buga tata: Sakan nawa ne a awa guda?

Haka aka fitar, ya kwasa da gudu. Da yamma ya biyo ya ce yara talatin da bakwai cikin arba'in sun ci tambayar.

"Sauran ukun ka turo mini su," in ji Gwaggo. "'Yan uwana ne."