Malama Susan da Lambar da Ta Fi Allo Tsawo

Rana ba ta gama leƙowa ta saman dajin Kamuku ba, za ka ga babur ya sauke Malama Susan Mainasara a ƙofar firamarenmu ta nan Birnin Gwari, alli a aljihu, lema a hammata ko da rani. Ni da nake suyar ƙosai a gindin mangwaron makarantar, tagar ajinta ce rediyona. Bana za ta ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani.

Tana da wata al'ada. Farkon shekara sai ta raba wa yara lambobi. Ita kanta ce mai lamba ɗaya, wai don ninkawa da ita ba ta ƙara komai. Mai biyu ya ninka da biyu, mai uku ya ninka abin da ya fito da uku, haka har kan mai talatin. Lambar takan yi ta miƙewa har ta sauka daga allo ta hau bango, sifili bakwai a wutsiyarta kamar ƙwan zabi. Malama takan lumshe ido ta ce, "Ku tara ganyen Kamuku da yashin kogin Mariga, ba su kai ƙurar wannan lamba ba. Amma kowannenku ya raba ta da lambarsa, za ta rabu tas, ba saura."

Wata shekara aka kawo Saliha daga wani ƙauye a bayan Dogon Dawa, wanda mutanensa suka watse saboda 'yan bindiga. Yara suka ƙi zama benci ɗaya da ita, wai 'yar daji ce. Gwaggonta ta same ni wurin kasko ta ce, "Iya, in aka ci gaba a haka, cire ta zan yi. Kukan ya isa."

Malama ba ta ɗauki bulala ba. Cewa ta yi a ba Saliha gurbi a lambar aji. Jikana Nababa, sarkin tsiya, ya ce, "Malama, lambarmu ta cika. A ɗan liƙa mata ɗaya a wutsiya ta yi haƙuri."

"To, ɗan gidan Iya, zo ka liƙa."

Ya goge sifilin ƙarshe ya rubuta ɗaya. Malama ta ce kowa ya sake rabawa da lambarsa. Aka kwashe kwanaki ana fama, alli har gira. Mai biyu, saura ɗaya. Mai goma sha bakwai, saura ɗaya. Kowa ya ƙare sai ya tarar da ɗayan nan a tsaye a waje, kamar baƙon da ba a ce masa bismilla ba.

Wata 'yar ajin, Zakiyya, ita ce ta fara gajiya. "Malama, tun da aka liƙa ɗayan nan ba wanda rabonsa ya fita daidai."

"To ya za a yi, uwata?"

Can Nababa ya ce cikin ƙunƙuni, "A mayar da sifilin, Saliha ta ninka da talatin da ɗaya kamar kowa."

Saliha ta karɓi alli ta fara ninkawa. Da lambar ta zarce inda tsawonta ya kai, Zakiyya ta jawo mata benci ta riƙe ƙafafunsa. A kan bencin nan suka zauna tare har suka gama firamare.

Ke ce, Malama, inuwar da ba ta tambayar daga ina mutum ya fito. Ke ce kika sa yaran da suka saba ƙirga ƙarar bindiga suka koma ƙirga abin da ya fi taurari yawa. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi da ƙafa mai lafiya.

Ku kuma malaman da za ku gaji ajinta, har yanzu ana sauke yara daga ƙauyukan daji da ƙullin kayansu a ka. In an kawo muku ɗaya, kada ku liƙa shi a gefe. Ku miƙa masa alli.