Hankicin Kawu Kashe-Wuta

Ƙanen mahaifiyata mai hoto ne, amma ba ya ɗaukar mutane. Ya ce mutum yakan ƙifta ido, daga baya kuma ya ce an munana masa hanci. Shi ɗakuna yake ɗauka. Dillalan gidaje da kafintoci da masu ɗinkin labule su ne mutanensa, shekara talatin ke nan. Ana ce masa Kashe-Wuta, domin yana shiga gida, kafin a gama gaisawa, zai ɗaga kai sama ya ce a kashe wuta.

Da na dawo daga karatu na ɗan bi shi wuraren aiki, don in gane gabar da ke tsakaninsa da dogon ƙwan lantarki. Ya ce min ido yana yi wa ƙwan nan kara, ya ga haskensa fari, amma kyamara ba ta da kunya: sai ta fito da bango kore shar kamar ruwan kududdufi. Idan ɗakin yana da taga, a kashe wuta a buɗe labule, magana ta ƙare. Idan babu, sai ya zaro wani farin hankici daga jaka, ya shimfiɗa a ƙarƙashin ƙwan, ya nuna wa kyamarar. "Kin ga wannan? Shi ne fari." Daga nan sai ta daidaita sauran launuka a kansa. Ba ya share gumi da hankicin nan, ba ya ba da aronsa.

Wata safiya wani mai fenti ya zo shagon Kawu a rikice. Wani maigida da ke zaune a nesa ya sa shi fentin falo ruwan madara, idan ya yi kyau a ba shi sauran ɗakuna shida. Ya gama, ya ɗauki hoto da wayarsa ya aika, falo ya fito kore. Maigidan ya ce ba asibiti ya gina ba, gobe zai nemi wani.

"Ranka ya daɗe, ko a mafarki ban taɓa koren fenti ba makon nan," in ji mai fentin.

"Ba kai ba ne, ƙwan ne," in ji Kawu. "Mu je."

Tagar falon ƙarama ce, kuma katangar maƙwabta ta tare ta, saboda haka ba halin kashe wuta. Kawu ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya nuna mata hankici, ya ɗauka, ya aika ba tare da ya ko duba ba. Wanda ya shekara talatin yana abu ba ya dubawa. Ba a jima ba waya ta yi ƙara, maigidan ne, mai fenti ya buɗe ta kowa ya ji.

"Jiya kore, yau rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Fenti ka shafa min ko hawainiya?"

Kawu ya duba hoton, ya duba bangon. Ya sake ɗauka, rawaya. Ya tsawata wa kyamarar, ya zargi batir. Ni ne na ɗaga hankicin kusa da silin, wanda aka shafe da farin fenti, na ce kamar akwai ɗan shuɗi-shuɗi a jikinsa. Ya karɓa ya shinshina. Ƙamshin sabulu. Ya kira matarsa.

"Ke kika taɓa min hankici?"

"Wannan tsumman? Na tsince shi a jakarka ya yi dauɗa, na wanke, har bula na sa masa ya yi haske. Ai godiya ya kamata ka yi."

An nuna wa kyamara shuɗi an ce fari ne, ita kuwa ta yarda, ta zuba wa duniya rawaya don ta gyara. Kawu ya ninke hankicin a hankali, kamar mai yi wa aboki ta'aziyya. Mai fenti ya yagi kwali, ya shafa masa ragowar fentin silin, muka zauna muna yi masa fifita har ya bushe. Da shi aka sake gabatar wa kyamara da fari.

Hoton ya fito ruwan madara tas, komai a fili. Maigida ya sake kira, muryarsa ta sauko. Ya ce launin ya yi, a ci gaba da ɗakuna shida. Sai dai yana so a gaya masa me ya sa bayan ƙofa bai sami fenti ba, ga tsohon siminti nan yana kallonsa.

Mai fenti ya ɗauki buroshi, ya nufi bayan ƙofa. "A koren hoton bai ga wannan ba," ya ce.

"Gaskiya ka zo nema," in ji Kawu, yana cusa kwalin a jaka. Har yau da shi yake aiki, ya ce aƙalla kwali ba mai wanke shi.